Giginya, Goriba da Kuka: Yadda Ɗalibi Zai Zana Bishiyar Asalinsa

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, ya ratsa ta Ambursa, idan ya kai dubansa ga fadamar Gulbin Kabi da tudun da ke gefenta, ba zai rasa ganin itatuwa uku da kowane yaro ya sani ba, watau giginya da goriba da kuka. Giginya takan miƙe sambal, ba ta da reshe ko ɗaya. Goriba kuwa gangar jikinta takan rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, haka har sama. Ita kuma kuka gindinta ɗaya ne ƙato, amma rassanta sun bazu ko'ina, wani babba wani ƙarami.

Akan sami iyalai masu sa mai zane ya zana musu bishiyar asalinsu, a yi mata ado, a rataye a zaure ko a falo. Wannan abu ne mai kyau, kuma ɗalibin sakandare yana iya yin nasa da hannunsa. Sai dai kafin a jiƙa tawada, ya kamata a san wace bishiya za a zana, domin waɗannan itatuwa uku hanyoyi uku ne na tsara asali. Mu Hausawa da Fulani mun ƙware a kan giginya, mun kuwa yi sakaci da goriba, alhali ita ce wadda lissafi da ilmin gadon halitta suka fi bukata.

Giginya: salsalar iyaye maza

Idan aka tambayi dattijo asalinsa, yakan ce shi wane ne ɗan wane ɗan wane, yana hawa daga uba zuwa kaka har inda saninsa ya tsaya. Wannan ita ce salsala, kuma siffarta siffar giginya ce: suna ɗaya a kowane hawa. Abin da muke nufi da hawa a wannan darasi shi ne tazarar da ke tsakanin mahaifi da abin da ya haifa.

Malaman ƙasarmu sun daɗe da kula da wannan fanni. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda sarakunan Gwandu suka fito daga tsatsonsa, ya rubuta littafin Ida'un Nusukhi, inda ya ambaci malaman da ya yi karatu a wurinsu, ya kuma bayyana danginsa. Salsalar gidansu tana komawa ga Musa Jakollo, wanda ya zo da jama'arsa daga Futa Toro suka sauka a ƙasar Ƙonni. Haka nan sarakunan Argungu, watau Lekawa, suna danganta kansu da Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a wajen shekarar 1515, ya yi birninsa a Surame. Tsohuwar fadar Argungu, wadda aka mayar gidan tarihi na Kanta a 1958, wuri ne da ya dace malami ya kai ɗalibansa kafin su fara wannan aiki.

Amma salsalar da ba a rubuta ba tana da ciwo guda: takan tsuke. Maroƙi yana riƙe sunan wanda ya yi sarauta ko ya yi suna a yaƙi, ya tsallake wanda ya yi zamansa a gona. In an sami kaka da jika masu suna ɗaya, wanda kuwa abu ne da ya zama ruwan dare tunda muna mayar wa 'ya'yanmu sunayen iyayenmu, sai a wayi gari an haɗe su sun zama mutum ɗaya. Ibn Khaldun, masanin tarihin nan da ya rasu a 1406, ya kawo ma'auni mai sauƙi na gane irin wannan kuskure, shi ne a ƙidaya iyaye uku a kowace shekara ɗari. Alal misali, ɗalibin da aka haifa a 2010, aka ce masa kakansu na farko ya sauka garinsu a shekarar da rundunar jihadi ta ci Birnin Kebbi, watau 1805, ya kamata ya sami sunaye shida ko bakwai tsakaninsa da wannan kaka. In ya sami uku kacal, to lalle wasu sun zube a hanya. Sai dai a lura, wannan ma'auni faɗakarwa ce kawai, domin a ƙasarmu dattijo mai shekara sittin yana iya samun auta, hawa ɗaya ya yi tsawon biyu.

Wani tarko kuma shi ne ɗaukar jerin sarakuna a matsayin salsala. Bayan rasuwar Malam Abdullahi, 'ya'yansa ne suka yi ta gadon juna a sarautar Gwandu, wa ya bar wa ƙane, har kusan rabin ƙarni. A Sakkwato ma, da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, ɗan'uwansa Abubakar Atiku ne ya hau. Wanda ya jera irin waɗannan sunaye ɗaya bisa ɗaya kamar uba da ɗa, ya ƙara wa giginyarsa tsawon da ba nata ba.

Goriba: biyu, huɗu, takwas

Yanzu mu juya al'amarin. Ɗalibi ya ɗauki kansa shi ne gindin bishiya. Gangar ta rabu biyu: uwa da uba. Kowannensu yana da uwa da uba, kakanni huɗu ke nan. A hawa na uku takwas, na huɗu 16, na biyar 32. Kowane hawa ninkin na bayansa ne, daidai da yadda goriba ke rabuwa. A hawa na goma akwai gurabe 1,024. To, daga cikin waɗannan 1,024 nawa ne salsala ta riƙe? Ɗaya tak. Sauran 1,023 sun shige duhu, kuma rabin dukan guraben, watau 512, mata ne.

Mu ci gaba da lissafin, domin akwai abin mamaki a gaba. Daga zamanin Kanta zuwa yau kimanin shekara 500 ne. Bisa ma'aunin uku a ɗari, hawa 15 ke nan, gurabe 32,768. In muka koma shekara dubu, watau hawa 30, gurabe sun zama 1,073,741,824, fiye da biliyan ɗaya. Alhali a wancan zamani mutanen duniya baki ɗaya ba su kai rabin biliyan ba. Yaya za a yi mutum ɗaya ya fi duniya yawan kakanni?

Amsar ita ce gurabe daban, mutane daban. Mutum ɗaya yana iya cike gurbi biyu, ko goma, ko dubu. A dubi auren zumunci, inda aka haɗa taubasai, ɗan mace da 'yar namiji. Mijin da matar sun yi tarayya a kakanni biyu, saboda haka ɗan da suka haifa, maimakon mutum takwas a hawa na uku, shida gare shi. A nan goribar mutum ta saɓa wa ta daji, domin rassanta sukan rabu, sa'an nan su koma su haɗe. In aka hau sama sosai, rassan mutanen yanki guda duk sun sarƙe da juna.

Wannan lissafi yana da abin faɗa ga mutanen kwarin Rima musamman. Tun daga 1849, lokacin da Yakubu Nabame ya ɗaga tutar Kabawa a Argungu, har zuwa zuwan Turawa, ana gwabza yaƙi tsakanin Kabi da daular Usmaniyya, kuma Ambursa tana cikin garuruwan da Gwandu ta tsaya a cikinsu tana fuskantar Argungu. Ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, wadda ta zama mafarin gasar kamun kifi ta yanzu, ita ake ɗauka alamar ƙarewar wannan gaba. Amma ko a tsakiyar yaƙi mutane ba su daina ƙaura da aure da haihuwa ba, an kuma kama mata da yara daga kowane ɓangare. Saboda haka yaron da giginyarsa ta ce masa shi Bafulatani ne, in ya bi goribarsa hawa huɗu ko biyar, ba abin mamaki ba ne ya tarar da Bakabiya ko Bazabarma ko Ba'ara a wani reshe. Haka shi ma Bakabe. Ni a ganina wannan kaɗai ya isa dalilin sa ɗalibai wannan aiki.

Abin da jini ke ɗauka

Kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum tana ɗauke da wasu zare-zare 46 da ake kira kuromosom, waɗanda a cikinsu ne umarnin gado yake. Guda 23 daga uwa suke, 23 daga uba. Ke nan rabin gadon mutum na uwa ne, rabi na uba, kuma a bisa matsakaicin lissafi kowane kaka ya ba da rubu'i. Jiki bai san cewa sunan wani ake kira a kirari, na wata kuma an manta ba.

Abu ɗaya ne yake bin giginya sak, shi ne kuromosom ɗin da ake yi wa alama da harafin Y, wanda uba ke miƙa wa ɗansa namiji kawai. Yana cikin mafiya ƙanƙanta a cikin 46 ɗin, kuma mace ba ta da shi. Mata ma suna da tasu giginyar. A cikin ƙwayar halitta akwai wasu 'yan gidajen samar da ƙarfi da ake kira maitokondiriya, masu ɗauke da nasu ɗan umarnin gado. Kowa daga uwarsa yake samunsu, amma 'ya mace ce kaɗai ke miƙa su gaba. Masu bincike suna amfani da waɗannan hanyoyi biyu wajen bin sawun ƙaurar al'ummomi.

Likitoci kuwa goriba suke zanawa, suna da alamominsu da aka sani a duk duniya. Murabba'i namiji ne, da'ira mace ce. Layi a kwance tsakaninsu aure ne, in layin biyu ne to auren zumunci ne. Akan cike alamar mai ciwo da baƙi, a ratsa alamar mamaci da layi. Da irin wannan zane ake nuna yadda ciwon rashin daskarewar jini ya fita daga Sarauniya Biktoriya ta Ingila, wadda ta mutu a 1901, ya bi ta 'ya'yanta mata da jikokinta mata ya shiga gidajen sarautar Rasha da Sifen. Wanda ya dubi salsalar maza kawai ba zai taɓa gano ta inda ciwon ya shigo ba.

Namu misalin ya fi wannan kusa, shi ne amosanin jini, watau sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana da nau'in jini AS: ya gaji ƙwayar sikila daga ɓangare ɗaya, lafiyarsa ƙalau, har ma yana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wanda shi ne dalilin yawaitar wannan ƙwaya a ƙasashenmu. Idan mai AS ya auri mai AS, to a kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi SS mai ciwon, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA. A kula da kalmar "kowane ciki". Ba wai in an haifi ɗaya mai ciwo, uku na bayansa sun tsira ba ne. Kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce. Ɗalibin da ya ji labarin yaran da suka yi ta rasuwa suna ƙanana a wani ɗaki, da kumburin hannu da ƙafa, da ciwon ƙashi lokacin sanyi, da ido rawaya, ya rubuta wannan. Ba mamaki wasu daga cikin waɗanda a da ake kira 'yan wabi wannan ciwo ne ya ɗauke su.

Sai dai kada a ɗora wa bishiya kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Ƙwayar sikila tana iya ratsa hawa da yawa a ɓoye ba a ga mai ciwo ba. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar ɓoyayyun ƙwayoyi iri ɗaya, tunda taubasai sun yi tarayya a kashi ɗaya cikin takwas na gadonsu, amma sikila ta yi yawan da auren bare ma bai tsirar da kowa ba. Gwajin nau'in jini a asibiti kafin a kai kuɗin aure shi ne kaɗai ke raba gardama, kuma ya bambanta da gwajin rukunin jini na A da B da O da ake yi domin ƙarin jini.

Kuka: zuriyar kaka ɗaya

Bishiyar da aka fi ratayawa a zaure ita ce kuka. Kaka ɗaya ne a gindi, zuriyarsa a sama: 'ya'ya, jikoki, tattaɓa-kunne. A ƙasarmu manyan rassan kuka ɗakuna ne, watau matan kakan, kowace da reshenta, domin a bambanta 'yan uba da waɗanda suke uwa ɗaya uba ɗaya. Masu rabon gado sun san muhimmancin wannan fiye da kowa. A jera 'ya'ya daga babba zuwa auta, har da waɗanda suka rasu suna jarirai. Yaron riƙo da ɗan'uwan shayarwa a saka su da layi mai ɗigo-ɗigo, domin na farko ba jinin gidan ba ne ta wannan reshe, na biyu kuma shari'a ta haramta aure da shi ko da yake ba a gaji komai na halitta tare ba.

Yadda ake tattara labari

A fara da wanda ya fi kowa tsufa, kuma a fara da tsofaffin mata. Su ne suka halarci bukukuwan aure da suna, su suka san wadda aka auro daga wane gari. Amma ɗalibi ya san al'adar kunya: kakarsa ba za ta ambaci sunan mijinta ba, ko na ɗanta na fari, ko na surukanta. Kada ya matsa mata. Ya karɓi laƙabin da ta ba shi, ya je wurin goggo ko kawu ya nemi sunan yanka, ya rubuta duka biyun.

Su kansu laƙuban shaida ne. Tanko ya zo bayan mata, Kande bayan maza, Gambo bayan tagwaye, wanda ake kira Abba ko Baba kuwa mai yiwuwa sunan kakansa ya ci. In an sami Gambo ba a sami Hassan da Husaini a gabansa ba, akwai sauran tambaya. Irin zanen fuskar mutum ma a tambaya, domin kafin takarda shi ne shaidar asalin da mutane ke yawo da ita.

Yawancin tsofaffi ba su san shekarar haihuwarsu ba, amma sun san abin da ya faru. A yi amfani da turakun tarihi: shigar Turawa Sakkwato a 1903, yaƙin Satiru a 1906, babbar yunwar 1913 zuwa 1914, samun mulkin kai a 1960, rasuwar Sardauna a 1966, komawa tuƙin dama a 1972, fitowar naira a 1973, ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991. Tsohuwar da ta ce tana goyon ɗanta na biyu aka canja kuɗi ta ba da shekara, ko da ba ta sani ba. Duk shekarar da aka samu ta wannan hanya a rubuta "wajen" a gabanta. Kowane suna kuma a nemi jinsa daga bakin mutum biyu da ba a tambaya tare ba.

Zane da ado

Sai an gama daftari da fensir, an karanta wa manya sun amince, sa'an nan a ɗauko farin kwali. Ba sai an kwaikwayi itatuwan Turai da garkuwoyinsu da ake gani a littattafai ba. Muna da zayyanar da ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani, ta isa ta kewaye gefen kwali. Muna da dagi da sauran zanen da magina ke yi a fuskar soro. Launi ma yana nan kusa: baƙar tawada ta gawayi da ƙaro, shuɗi daga baba, ja daga karan dafi irin na dukawa, ruwan ɗorawa daga saiwar rawaya ko gangamau. A ba kowane ɗaki launinsa, ta yadda ido zai bi zuriyar mace ɗaya daga gindi har ganye.

Maimakon zana fuskokin mutane, a sa wa kowa alamar sana'arsa kusa da sunansa: homa da gora ga Basarke, allo ga malami, uwar maƙera ga maƙeri, sanda da ƙwarya ga makiyayi, zangarniyar shinkafa ga manomin fadama, mazari ga mai kaɗi, jaka ga ungozoma. A rubuta sunaye da boko da ajami, domin tsohon da ya ba da labarin ya iya karanta abinsa. Kowace mace a rubuta sunanta da na mahaifinta da garinsu. Gurbin da ba a san mai shi ba a zana ganyensa a bar shi fari. Kada a cike shi da zato, kada kuma a jawo reshe da ƙarfi zuwa gidan sarauta ko gidan sharifai don neman ado.

Jan hankali ga malamai

Zane biyu ake bukata, kuma kada a haɗa su. Na ado shi ake ratayawa. Na lafiya, mai ɗauke da ciwo da nau'in jini, sirrin gida ne, a akwati ake ajiye shi, likita ake nuna wa, ba ya cikin abin da malami zai karɓa ya ba maki. Haka nan a cikin aji akwai maraya, akwai wanda iyayensa suka rabu, akwai wanda bincikensa zai kai shi ga kakar da aka kamo a yaƙi ko aka saya. Malami ya faɗa tun farko cewa ba a tilasta wa kowa karanta bishiyarsa a gaban aji, kuma maki yana kan kyawun bincike, tsawon salsala ko girman sunan da ke samanta ba su ƙara komai.

Hanya mai sauƙi ta buɗe darasin ita ce malami ya ce kowa ya rubuta sunan uban uban ubansa, sa'an nan ya rubuta sunan uwar uwar uwarsa, a ƙidaya hannuwa nawa suka tashi a kowace tambaya. Daga nan a ba da aikin a hutun ƙarshen zango, lokacin da yara ke komawa garuruwansu: goriba mai hawa uku, sunaye 14, da kukar kaka ɗaya. A bayan kwalin ɗalibi ya rubuta sunan duk wanda ya ba shi labari, da garin da suka zauna, da ranar da suka yi hirar.